Yadda ake zana taswirar tudu da kwari a duwatsun Azbin

Idan ka buɗe taswirar da ke cikin wayarka ka ja ta zuwa arewacin Agadas, abin da za ka gani fili ne mai launin ƙasa, da 'yan sunaye uku ko huɗu, da layin hanya guda da ya ratsa ta Timiya zuwa Iferwan. Amma a ƙasa abin ba haka yake ba. Can ne tudun Bagzan yake, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022 daga doron teku, wuri mafi tsawo a duk Nijar. Can ne duwatsun Tamgak da Gerebun suke, da ɗaruruwan koramu da ke kwance busassu wata tara, sannan su taso cikin awa guda su kwashe gona da rijiya. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar koramar Telwa ta watan Satumbar 2009 ba. Ruwan da ya rushe gidaje a gari, a kan waɗannan duwatsu ya sauka, kuma taswirar tudu da kwari ce kaɗai ke iya nuna wa mutum ta inda ruwa irin wannan yake taruwa da inda yake bi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, tauraron ɗan'adam ya riga ya ba mu siffar ƙasa kyauta, abin da magabata suka sha wuya shekaru kafin su samu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Azbin a 1850 yana kiran kansa Abdulkarim, da kamfas da agogo ya riƙa auna hanyarsa a kan raƙumi. Yau ɗalibin safiyo a Yamai ko Zariya zai sauke tsayin kowane dutse na yankin cikin yini guda. Sai dai tauraro bai san wace rijiya ce ke ƙafewa a bazara ba, bai san wace hanya jaki mai kaya ke iya hawa ba, bai kuma san sunan ko dutse ɗaya ba. Waɗannan da ƙafa ake samo su, daga bakin masu wurin. Aikin da zan bayyana rabinsa a gaban kwamfuta ne, rabinsa a kan dutse, kuma rabi na biyun ne ake yawan yi wa sakaci.

Fara da sanin wanda zai yi amfani da taswirar

Kada ka taɓa komai sai ka amsa wannan: wa zai riƙe takardar, me zai yi da ita? Injiniyan da ke neman inda zai kafa madatsar da za ta tare ruwan korama, da ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi ƙauyukan saman Bagzan, da mai gadin gandun daji, bukatunsu ba ɗaya ba ne. Amsar ita za ta zaɓa maka ma'auni.

Ga mai tafiya a ƙasa, ma'aunin 1:50,000 ya fi dacewa. A nan santimita 2 a takarda kilomita guda ne a ƙasa, milimita 1 kuwa mita 50. Takarda guda mai faɗin kwatar digiri ta kowane ɓangare za ta ɗauki kimanin kilomita 28 daga kudu zuwa arewa, da kilomita 26 daga gabas zuwa yamma, ta zauna a takarda mai kusan santimita 55. Idan kuwa yankin gaba ɗaya kake son nunawa don mota da tsarin aiki, to 1:200,000 ya wadatar. Ina ba da shawarar mai koyo ya ɗauki takarda guda ta 1:50,000 ya gama ta tsaf. Gandun Azbin da Tenere kaɗai, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1991, ya haura hekta miliyan 7. Wanda ya ce zai zana shi duka a fita ɗaya, ba zai gama ko kusurwa ba.

Sai tazarar layukan tsayi. Layin tsayi shi ne layin da ke bin duk wuraren da tsayinsu daga doron teku yake daidai, kamar alamar da ruwa ke bari a jikin kwarya in ya janye. A 1:50,000, sa tazarar mita 20 tsakanin layi da layi, ka kaurara kowane layi na biyar, wato duk mita 100, ka rubuta lamba a kansa. In ka ga layi biyu sun matso har milimita 1 ce tsakaninsu, ƙasa ta hau mita 20 cikin mita 50, gangara ce mai kusan digiri 22, mai tafiya zai ji ta a gwiwa. In rabin milimita ce, ta kusa digiri 39, sai da hannu. Abin da ya fi haka tsini, layukan haɗewa za su yi su zama baƙi ƙirin, gara ka yanke su ka sa alamar bangon dutse.

Tattaro abin da aka riga aka auna

Abu uku kake bukata. Na farko bayanan tsayin ƙasa. A watan Fabrairun 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana auna doron duniya da rada, bayanan da ake kira SRTM, kowane murabba'i mita 30. Daga baya Turai ta fitar da nata, Copernicus GLO-30, daga awon taurarin Jamus na tsakanin 2011 da 2015, shi ma mita 30, kuma a ganina ya fi tsabta a wuraren duwatsu. Japan ma tana da nata, AW3D30, wanda aka yi da hoto ba da rada ba. Sauke aƙalla biyu. Inda suka yi daidai, hankalinka ya kwanta. Inda suka saɓa da mita 15 ko 20, yi wa wurin jan da'ira, domin can za ka kai ƙafarka.

Na biyu hotunan tauraro. Na Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo mita 10. Ɗauki hoto biyu na wuri guda, ɗaya a ƙarshen Satumba bayan damina, ɗaya a Afrilu ko Mayu. Duk inda ya kasance kore a hoton bazara, akwai ruwa kusa da saman ƙasa, ko lambu ne ko kurmin goruba.

Na uku tsofaffin taswirori. Hukumar taswira ta Faransa ta zana yankin a ma'aunin 1:200,000 daga hotunan jirgin sama, kuma hukumar taswira ta Nijar da ke Yamai ita ce ta gaji wannan aiki. Kada ka raina su don sun tsufa. Akwai rijiyoyi da hanyoyin ayari a cikinsu da babu su a wani wuri. Amma akwai tarko. An gina yawancin tsofaffin taswirorin Afirka ta Yamma a kan wani lissafin siffar duniya da ake kira Clarke 1880, GPS kuwa da WGS84 yake aiki. In ka ɗora tsohuwa a kan sabuwa ba tare da juya lissafin ba, rijiya za ta iya gocewa da fiye da mita 100. Mafita ita ce ka nemo wurare takwas ko goma da ba sa motsi, kamar mahaɗar koramu biyu tsakanin duwatsu ko tsinin dutse, ka daidaita tsohuwar da su.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi ke kayar da masu koyo. Tsayi iri biyu ne. Akwai wanda na'urar GPS ke lissafawa daga wata sumul ɗin siffar duniya ta lissafi, akwai kuma tsayi daga doron teku, wanda shi ake sa wa a taswira domin shi ruwa ke bi. Bambancinsu yakan kai mita gomomi. Shi kansa doron tekun lissafinsa ba ɗaya ba ne: SRTM yana bin tsarin EGM96, Copernicus yana bin EGM2008. Zaɓi ɗaya, ka juya duk awonka zuwa gare shi, ka rubuta sunansa a bangon littafin aikinka don kada wani cikin tawaga ya rikita.

Yi zanen gwaji kafin ka bar gida

Manhajar QGIS kyauta ce, kuma ta isa wannan aiki daga farko har ƙarshe. Haɗa gutsattsarin bayanan tsayin su zama shimfiɗa guda, sannan ka juya su zuwa tsarin UTM, wanda ke raba duniya shiyya-shiyya yana auna wuri da mita, shiyya ta 32 ta arewa, mai lambar EPSG 32632. Wannan shiyya ta kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, kuma layin tsakiyarta, digiri 9, ta cikin Azbin ya ratsa. Sa'a ce babba, domin arewar layukan taswirarka da arewa ta gaskiya kusan ɗaya za su zama.

Ɗan laushe bayanan kaɗan kafin ka fitar da layukan tsayi, in ba haka ba za su fito da haƙora kamar zarto. Amma kada ka wuce gona da iri, yawan laushi yana aske tsinin dutse ya cike kwazazzabo. Sai ka fitar da inuwar tuddai, haske daga arewa maso yamma, digiri 315, a ɗage digiri 45. Rana ba ta fitowa ta can, amma idon mutum ya saba ganin tudu a matsayin tudu in haske ya zo daga saman takarda ta hagu. In ka juya shi, kwari zai riƙa yi wa mai kallo kama da tudu. Daga nan sa manhajar ta lissafa hanyoyin ruwa, ka ɗora su a kan hoton tauraro. A cikin duwatsu za su yi daidai sosai. A inda korama ta fito fili ta bazu cikin yashi, lissafin ɓata yake yi, ka bi hoton da hannu. Duba kuma cewa kowane layin tsayi da ya tsallake korama ya lanƙwasa, tsininsa na kallon inda ruwa ke fitowa.

Buga wannan zane kwafi uku ko huɗu a takarda, ka kuma zuba shi a waya ta manhaja irin QField mai aiki ba tare da intanet ba.

Izini, lokaci, da jagaba

Wannan ba yanki ba ne da mutum zai ɗauki na'urori ya shiga kansa tsaye. Nemi takardar izini daga hukumomin jihar Agadas da jami'an tsaro, da hukumar gandun daji in za ka shiga gandun. Jirgi marar matuƙi da wayar tauraro kowanne da nasa izinin daban, kada ka ɗauko su sai takarda na hannunka. A tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin yankin, saboda haka ba a sauka daga hanyar da ake bi don a yanke. In jami'ai ko mutanen gari suka ce kada a shiga wani kwari a bana, bar shi fari a taswira. Babu layin tsayin da ya kai ran mutum daraja.

Bayan hukuma, sai masu ƙasa. Je ka gai da magajin gari da shugabannin ƙabilun wurin, ka shimfiɗa musu zanen gwajin a tabarma, ka faɗi abin da ya kawo ka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tun da aka fara haƙar zinariya a arewacin Nijar a 2014, baƙo mai na'ura a hannu yana jawo zargi, kuma suna da gaskiya su tambaya. Harshe ba zai zama matsala sosai ba. Azbinawa sun yi ƙarnuka suna kai gishirin Bilma da dabino Damagaram da Kano suna komowa da gero, Hausa ta zauna a bakin mazansu da yawa. Duk da haka ka nemi wanda ya iya Tamashek, harshen Buzaye, da kyau, zan faɗi dalili a gaba.

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ɗauki jagaba daga ƙauyen da ya fi kusa da dutsen da za ka hau, in ka koma wani dutsen ka sake wani. Wanda ya san Bagzan kamar tafin hannunsa ba lallai ya san Tamgak ba. Biya shi da kyau, ka rubuta sunansa a taswira in ya yarda.

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Dare yana da sanyi ƙwarai a sama, wani lokaci har ruwa ya kusa daskarewa, domin duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Ka tafi da bargo mai kauri. Hazon hunturu yakan rufe nesa kwana da kwanaki, sai ka ajiye aikin hange zuwa ranar da gari ya washe. Tsakanin Yuli da Satumba kada ka kwana a cikin korama ko da sama tas take a kanka, ruwan daga dutsen da ba ka gani yake zuwa. Mota biyu ake fita da su, ba ɗaya ba. Ruwan sha kada ya gaza lita 5 ko 6 ga kowane mutum a yini, ban da na girki. Sai faifan sola don caji, da fensir da littafi, domin batir na mutuwa, takarda ba ta mutuwa.

Kafa turaku

Turke wuri ne da ka auna matsayinsa da tsayinsa da matuƙar daidaito, wanda sauran awo zai jingina da shi. Ƙaramar GPS ta hannu ko ta waya tana kuskuren mita 3 zuwa 5 a kwance, a tsaye kuwa ninki biyu ko fiye. Wannan ya isa sa rijiya a taswira, amma bai isa gwada layukan tsayi ba. Don turaku sai babbar na'urar masu safiyo mai kama saƙon tauraro a zango biyu. Kafa ta a kan ƙafafunta bisa dutse mai rai, ba kan yashi ko ƙaton dutsen da ya gangaro ba, a inda sama take a buɗe. Auna tsawon na'urar daga ƙasa sau biyu ka rubuta. Bar ta tana ɗauka aƙalla awa biyu, in da hali huɗu. In ka dawo inda akwai intanet, tura bayanan ga hidimar CSRS-PPP ta Kanada ko AUSPOS ta Ostireliya, duka kyauta ne, za su maido maka da matsayi mai kuskuren 'yan santimita.

Turke shida zuwa takwas sun isa takarda guda, amma ka warwatsa su: kusurwoyi, tsakiya, ƙasan kwari, saman tudu. Sassaƙa ƙaramar alama a dutsen, ka tara duwatsu kusa, ka ɗauki hoto ta fuska huɗu. Kada ka taɓa tarin duwatsun da ka tarar. Azbin cike take da tsofaffin kaburbura masu wannan siffa.

Tafiyar ƙafa

Nan ne taswira ke samun rai, kuma nan zan fi daɗewa.

Kowace safiya ka kunna GPS ta riƙa ɗaukar sawunka, ka riƙe zanen gwajin a hannu, kana tafe kana kwatanta. Abu na farko da za ka bi shi ne jajayen da'irorin nan. Rada tana da rauni uku a irin wannan ƙasa. A jikin bango mai tsini takan bar inuwa, sai a cike gurbin da ƙiyasi. A kwazazzabon da faɗinsa bai kai mita 30 ba, takan tsallake shi gaba ɗaya, taswira ta nuna sumul alhali akwai rami mai zurfin gini hawa biyar. A kurmin goruba da dabino kuwa, saman itatuwa take aunawa a madadin ƙasa. Na biyun ne mafi haɗari, domin shi ke sa mutum ya tsara hanya a takarda ya je ya tarar babu mahaya. Duk kwazazzabon da ka gani da ido, ka ɗauki bakinsa biyu da GPS, ka ƙiyasta zurfinsa, ka zana shi da hannu.

Akwai ƙololuwar da ba za ka iya hawa ba. Auna ta daga nesa. Tsaya a wurin da ka san tsayinsa, ka auna kusurwar ɗagowa zuwa tsinin da ma'aunin gangara, ka ciro nisan daga hoton tauraro. In nisan mita 2,000 ne, kusurwar digiri 10, ninka 2,000 da 0.1763, ka samu kusan mita 353. Ƙara tsawon idonka daga ƙasa, ƙara tsayin inda kake tsaye. In nisan ya yi yawa, lanƙwasar duniya na shigowa, bayan an cire ɗan abin da lanƙwasar haske a cikin iska ke ragewa. A kilomita 1 santimita 7 ce kacal, amma a kilomita 10 ta kusa mita 7, sai an ƙara ta. Maimaita awon daga wani wuri daban. In amsoshin biyu sun saɓa da fiye da mita 10, wataƙila tsini biyu mabambanta ka hanga, abu ne da ke yawan faruwa.

Kamfas yana da amfani, amma ka sa masa ido. A yankin akwai baƙin dutsen aman wuta mai ƙarfe a cikinsa, yana jan allura. In ka ɗauki fuska daga wuri na ɗaya zuwa na biyu, da ka isa can ka juyo ka ɗauki ta baya. Bambancinsu ya zama digiri 180. In ba haka ba, ɗaya daga cikin wuraren yana yi maka ƙarya, matsa gefe ka sake.

Ma'aunin tsayi mai aiki da nauyin iska, irin na agogon hannu, yana da kyau wajen hawa da sauka. Milibar guda, wato awon nauyin iska, daidai take da kimanin mita 8 a ƙasa, kusan mita 10 a saman Bagzan. Matsalarsa ita ce nauyin iska yana hawa da sauka da kansa a yini, ya fi yawa da hantsi, ya fi raguwa da la'asar, har na'urar da ke ajiye wuri guda ta nuna ta hau mita 20 ko 30. Don haka ka saita shi a kan turke da safe, ka rubuta lokaci a kowane awo, ka komo kan turke da yamma, sannan ka raba bambancin bisa awannin da suka wuce.

Sai ruwa. Kada ka sa alama guda ga kowane ruwa, wannan zalunci ne ga wanda zai dogara da takardarka. Raba su: rijiyar siminti, rijiyar gargajiya, ramin da ake tonawa a yashin korama bayan damina, maɓuɓɓuga, da tafkin cikin dutse da Buzaye ke kira agelmam. A kowanne ka auna zurfi zuwa fuskar ruwa da igiya, ka ɗanɗana ko akwai gishiri ko kanwa, ka rubuta ranar. Tambaya mafi muhimmanci ita ce, a wane wata yake ƙafewa? Kada ka tambayi mutum ɗaya. Tambayi mata da 'yan mata masu kiwon awaki, domin a Azbin su ke yini a waɗannan kwaruruka, sun fi matafiya sanin ƙananan ruwaye. In amsoshi sun saɓa, ɗauki mafi muni. Gara taswira ta ce ruwa yana ƙafewa mutum ya je ya tarar da shi, da ta ce yana nan ya je ya tarar da busasshen rami.

Hanyoyi ma haka. Raba wadda babbar mota mai ɗaukar albasar Tabelot ke bi, da ta ƙaramar mota mai ƙarfi, da ta babur, da ta raƙumi, da ta jaki, da wadda sai mutum shi kaɗai. Raƙumi da jaki ba hanyarsu ɗaya ba a dutse. Rubuta tsawon lokacin da kowane hawa ya ci. Ƙiyasin da masu hawan dutse ke yi shi ne kilomita 5 a awa, da ƙarin awa guda ga kowane hawan mita 600, amma da jakuna masu kaya ya fi haka, kuma abin da agogonka ya nuna shi za ka rubuta. A gefen gabas, inda yashin Tenere ya jingina da duwatsu kamar a Temet da Arakaw, tuddan yashi suna sauya siffa. Sa musu alamar yashi da tsayi na kusan-kusan, kada ka ba su layuka kamar na dutse.

Sunaye

Yawancin sunayen da ke kan tsofaffin taswirori kunnen Bafaranshe ne ya ji su, hannunsa ya rubuta. Wasu ma ba sunaye ba ne, kalmomi ne gama-gari. Adrar dutse ke nan, anu rijiya, eghazer kwari mai korama. In jagaba ya ce maka wannan adrar ne, bai ba ka suna ba tukuna. Tsaya a inda ake ganin wurin, ka nuna da hannu, ka ɗauki muryar mai faɗa sau biyu a waya, ka tambayi ma'anarsa. Ka sa wanda ya iya rubutun Tamashek ya rubuta, da boko da kuma Tifinagh, baƙaƙen Buzaye, in zai yiwu. Sannan ka tabbatar daga mutum na biyu a wani ƙauye. Korama guda takan sauya suna daga sama zuwa ƙasa, dutse guda kuma yakan sami suna biyu daga ɓangarorinsa biyu. Rubuta duka, ka nuna inda kowanne ya fara. Inda akwai sunan da Hausawa da direbobi suka saba da shi, sa shi a ƙasan na asali da ƙananan baƙaƙe. Kada ka raɗa wa wani wuri suna da kanka.

Gyara, gwaji, da bugu

Da ka dawo, fara da kwatanta tsayin turakunka da na bayanan tauraro. In duk sun karkata gefe guda da kusan adadi ɗaya, to matsalar tsarin doron teku ce, koma ka duba juyin da ka yi. In ta kau, gyara layuka da hannu a wuraren da ka gani da ido, ka sa tsayin ƙololuwa da mashigai da mahaɗar koramu da lambobi.

Sai gwaji. Ware wurare aƙalla 20 da ka auna da kyau amma ba ka yi amfani da su wajen gyara ba. Ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1947, wadda har yau ake kwatance da ita, ta ce kashi 90 cikin 100 na wuraren gwaji kada kuskurensu ya wuce rabin tazarar layi. A taswirarka mita 10 ke nan, wato 18 cikin 20 su faɗa ciki. In ba su faɗa ba, buɗe tazarar zuwa mita 40. Layuka masu yawa da ba su da gaskiya sun fi kaɗan masu gaskiya cutarwa.

Launuka sanannu ne: ruwan ƙasa ga layukan tsayi, shuɗi ga ruwa, da layi mai yankewa ga koramar da ba ta gudu kullum, kore ga lambuna da kurmi, baƙi ga gine-gine da sunaye. A gefen takarda ka sa ma'auni, tazarar layi, tsarin lissafi, da watannin da aka yi aikin fili. Ƙara ƙaramin zane da ke nuna inda ƙafarku ta taka da inda kuka dogara da tauraro kawai. Mai karatu yana da haƙƙin sanin wannan.

Akwai abin da za ka auna amma ba za ka buga ba. Zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, da kaburbura, da mashayar ragon dutse da 'yan barewar da suka rage a dutsen Takolokuzet, ka miƙa matsayinsu ga hukumar gandun, ka cire su daga kwafin da zai shiga hannun kowa, saboda mafarauta da masu satar kayan tarihi su ma suna karanta taswira.

Kafin bugu na ƙarshe, ɗauki kwafin gwaji ka koma ƙauyukan, ka shimfiɗa shi a tabarmar da ka fara shimfiɗa na farko. Ba su jan biro. Karanta musu sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ka bi koramu da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ka sake tambayar kowace rijiya. Abin da suka gyara ka shigar, sannan ka buga a takarda mai jure ruwa, ka kai kwafi ofishin magajin gari, da makaranta, da asibitin ƙauye, ka kuma ajiye ɗaya tare da bayanan turakunka a hukumar taswira a Yamai don wanda zai zana takardar da ke maƙwabtaka da taka.